Kafin in biya kuɗin kyamara ta hannu: ta yaya zan san bugu nawa labulenta ya yi?

Ɗan_Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa masu sana'ar hoto da ke cikin wannan zaure. Shekara biyu ke nan ina bin maigidana wuraren biki da suna ina riƙe masa fitila da jaka, yanzu kuma ya yi mini izini in fara karɓar ƙananan ayyuka da kaina, shi ya sa nake neman kyamara ta hannu. Wani bawan Allah a Zango ya nuna mini Canon 6D wadda ya ce ƙanensa ne ya aiko masa da ita daga Faransa, yana neman jika 280, jikin kawai ba tare da gilashin gaba (lens) ba. A ido dai ba ta da wani aibi. Da na tambaye shi ko ta sha aiki, sai ya ɗauki hoto a gabana ya nuna mini sunan hoton, IMG_3412, ya ce wannan shaida ce cewa hoto dubu uku da ƴan kai kaɗai ta taɓa ɗauka tun da aka ƙera ta. Ina roƙon manyanmu su faɗa mini ko wannan lamba abin dogaro ce, domin kuɗin nan shi ne duk abin da na tara.

Baba_MaiStudiyo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ba da ko dala a kan wannan lamba. Abin da ya nuna maka lambar fayil ce, ba lissafin bugun labule ba, wato sau nawa labulen cikin kyamara ya buɗe ya rufe don ɗaukar hoto. Canon tana jera hotuna daga IMG_0001 zuwa IMG_9999, idan ta kai ƙarshe sai ta buɗe sabuwar jaka a cikin kati ta koma 0001, kuma duk wanda ya shiga menu yana iya mayar da lambar farko da hannunsa cikin ƙiftawar ido. Saboda haka 3412 tana iya zama 3,412, tana iya zama 53,412, tana iya zama 93,412. An fito da 6D a shekarar 2012, kyamarar da ta kai waɗannan shekaru kuwa da wuya a ce hoto dubu uku kaɗai ta ɗauka, sai fa idan a akwati aka kulle ta. Ban ce mutumin maƙaryaci ne ba, domin da yawa daga masu sayarwa su ma haka suka ɗauka.

MaiGyara_SabonGari:
Baba ya faɗi gaskiya, zan ɗan ƙara bayani don wanda bai taɓa buɗe cikin kyamara ba. A gaban sensa, wato farantin da ke karɓar haske, akwai labule biyu da aka yi da siraran faifai kamar reza. Duk lokacin da ka danna maɓalli, madubi ya ɗaga sama, labule na farko ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe, sannan wani ƙaramin inji ya mayar da su mazauninsu. Wannan shi ne bugu ɗaya, shi ne masu sayarwa a Faransa suke rubutawa déclenchements a tallarsu. Tun da ƙarfe ne ke motsi da gudu, dole wata rana ya gaji, shi ya sa kamfanoni suke faɗin adadin da suka gwada kowane samfuri a kai. 6D da 60D da 70D an gwada su a kan bugu 100,000. 5D Mark II da 5D Mark III a kan 150,000, 7D Mark II a kan 200,000, 1D X kuwa 400,000. A ɓangaren Nikon, D90 tana da 100,000, D7000 da D750 suna da 150,000, D800 da D810 suna da 200,000. Kyamarar tana ajiye ainihin lissafin a cikin ƙwaƙwalwarta kamar yadda moto ke ajiye kilomita, matsalar kawai ita ce ba ta nuna shi a menu.

Zinariya_Foto:
Ni abin da nake yi mai sauƙi ne. Nakan ɗauki hoto ɗaya da kyamarar, in loda shi a ɗaya daga cikin shafukan intanet da ke karanta bayanan hoto, nan take lambar ta fito. Haka na yi lokacin da na sayi D7100 ɗina, ban ɗauki minti biyar ba. Ƙanena Ɗan_Birni, ka ce ya turo maka hoto ɗaya ka gwada.

Ɗalibi_UAS:
Yaya Zinariya, da izininki zan ɗan gyara. Hanyar da kika faɗa tana aiki ne saboda kyamararki Nikon ce. Nikon tana rubuta lissafin bugu a cikin ɓoyayyun bayanan kowane hoto, waɗanda ake kira EXIF, haka ma Pentax da Sony, kuma manhajar ExifTool wadda Phil Harvey ya rubuta tana karanta su kyauta ba tare da an loda komai a intanet ba. Amma yawancin kyamarorin Canon, har da 6D, ba sa saka lissafin a cikin hoto, don haka ko hoto ɗari ya loda babu abin da zai gani. Dole sai an jona kyamarar da kwamfuta ta igiyar USB a tambaye ta kai tsaye. Manhajar EOSInfo an yi ta ne don tsofaffi irin su 40D da 50D da 5D Mark II. Akwai wata mai suna ShutterCount ta kamfanin DIRE Studio da ke aiki a kan Mac, amma ta kuɗi ce. Ni gPhoto2 nake amfani da ita a kan Linux, kyauta ce, kuma tana karanta 6D.

Zinariya_Foto:
Na gode da gyara, ban san Canon ta bambanta ba. To ga wani abin da na sani tabbas ga masu sayen Nikon: kada ku yarda a turo muku hoton gwaji ta WhatsApp a matsayin hoto, domin WhatsApp yana matse shi ya goge bayanan da ke ciki, Facebook ma haka yake yi. Sai dai a turo shi a matsayin takarda (Document), ko kuma ku cire kati ku kwafa da hannunku. Hoton da aka riga aka gyara a manhajar Lightroom shi ma yakan rasa lambar.

Kasko77:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da yaron nan ne kawai. Tawa kyamarar ta haura adadin da kamfani ya faɗa da kusan ninki biyu, kuma har yau da ita nake ci da iyalina. Wannan lamba ba ranar ajali ba ce. Idan kyamara tana ɗauka, hotonta yana fita tsaf, a biya kuɗi a wuce wurin.

MaiGyara_SabonGari:
Malam Kasko, rabin maganarka gaskiya ne. Adadin kamfani matsakaici ne na gwaji, ba alkawari ba, kuma ni da hannuna na taɓa karɓar wadda labulenta ya tsinke tun bai kai rabin adadinsa ba, na kuma ga irin taka da ta wuce ta ci gaba da aiki. Sai dai akwai bambanci tsakaninka da shi. Kai ka riga ka mori kuɗinka, ko gobe ta tsaya ba ka yi asara ba. Shi kuwa yau zai biya, kuma farashin kyamarar da ta yi bugu 10,000 bai kamata ya zama ɗaya da na wadda ta yi 90,000 ba, ko da duka biyun suna ɗauka a yau. Lambar ba ta faɗin ranar da labule zai mutu, amma tana faɗin nawa ya dace a biya. Ka kuma tuna cewa idan ya mutu, ba kayan da ake samu a Kasuwar Dole ba ne. Sai an yi odar labulen daga waje, ko a bi ta Matamaye a kai ta Kano, mutum ya zauna makonni babu abin aiki.

Baba_MaiStudiyo:
Ku bari in ba ku labarin abin da ya same ni, tun da Kasko ya kawo wannan magana. Shekarun baya na sayi wata kyamara a hannun wani matafiyi ban duba komai ba, saboda jikinta yana sheƙi. Wata huɗu na yi da ita lafiya. Ranar hawan sallah ina tsaye a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dawakai sun taso, ƙura ta tashi, na ɗaga gudun labule don in tsayar da ƙafafun doki, na yi ta dannawa ina jin daɗi. Da na koma inuwa na duba allon baya, sai na ga kowane hoto akwai wani farin layi da ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, wasu kuma kashi ɗaya cikin uku na hoton baƙi ƙirin. Kafin la'asar ta ƙi ɗauka gaba ɗaya. Da aka buɗe ta, an tarar ɗaya daga cikin faifan labulen ya kuɓuce daga ƙusarsa yana lilo, saura kaɗan ya karce sensa. Mahaya uku ne suka ba ni kuɗin hoto tun da safe, da ƙafata na bi su gida-gida na mayar musu. Mai gyaran ne ya fara nuna mini lissafin a kwamfutarsa, sai ga shi ta daɗe da wuce iyakarta tun kafin ta zo hannuna. Da na san haka, da ko dai in rage kuɗin, ko kuma in je fada da ta biyu a jaka.

MaiBidiyo_Mirya:
Allah ya kiyaye gaba, Baba. Ni kuma ina so in ja hankali ga kishiyar wannan, wato lamba ƴar kaɗan da ke ruɗar mai saye. Mu masu bidiyo idan muka danna ɗauka, labule yana buɗewa sau ɗaya ne ya tsaya a buɗe har mu gama, ko da minti ashirin ne. Kyamarar da ta yi shekara biyar tana bidiyon biki tana iya nuna bugu 8,000 kacal, alhali sensarta ta yi sa'o'i barkatai tana ɗaukar zafi, ramin HDMI da na makirfo sun sake, ƙofar kati ta gaji. 6D da 5D Mark III na daga cikin waɗanda masu bidiyo suka fi yi wa wannan aiki. Saboda haka idan lambar ta fito ƙarama ƙwarai, ka rufe gilashi da murfinsa, ka sa ta ɗauki hoto na daƙiƙa 30, sannan ka faɗaɗa baƙin hoton a kwamfuta. Ɗigo ja ko shuɗi ƴan kaɗan ba abin damuwa ba ne, kowace tsohuwar sensa tana da su, amma idan ka gan su sun watsu ko'ina ko sun ja layi, ka san ta sha wuta.

Ɗan_Birni:
Na gode ƙwarai, manyana, Allah ya ƙara girma. Na kira mutumin na gaya masa ina so a jona ta da kwamfuta kafin ciniki. Da farko ya nuna bai ji daɗi ba, ya ce ko ina zarginsa ne, amma daga baya ya amince mu haɗu gobe bayan azahar. Wani abokina ya ce in saka mata wata manhaja mai suna Magic Lantern a kati, wai tana nuna lissafin a kan allon kyamarar ba sai da kwamfuta ba. Shin hakan ya dace?

Ɗalibi_UAS:
Gaskiya ne Magic Lantern tana nuna lissafin, kuma akwai wadda aka yi don 6D, amma ban ba ka shawarar saka ta a kyamarar da ba taka ba. Ba Canon ce ta yi ta ba, masu sa kai ne, kuma dole sai ta dace da ainihin lambar manhajar da ke cikin kyamarar, sannan tana canza wani saiti a ciki kafin ta tashi. Idan wani abu ya faru a hannunka, mai kaya zai ce kai ka ɓata masa. Gobe ina da darasi da safe kawai, zan iya zuwa da kwamfutata. Abin da ba ni da shi shi ne igiyar, domin 6D irin tsohon ramin nan na mini USB gare ta, ba irin na wayoyin yanzu ba.

Alhaji_Dillali:
Ni sana'ata ce saye da sayar da irin kayan nan, kuma ina so a ji ta bakinmu. Ba kowane mai sayarwa ne ya san lissafin kayansa ba. Kaya yakan bi hannu uku ko huɗu kafin ya iso Damagaram, kowa kuma abin da aka faɗa masa yake faɗa wa na gaba. Mai gaskiya ba ya jin tsoron a jona kyamararsa da kwamfuta, wanda ya ƙi kuwa ya riga ya ba ka amsa. Amma ku ma masu saye ku yi adalci: kada mutum ya ga 60,000 a kyamarar da aka gwada a kan 150,000 ya ce sai an raba masa kuɗi biyu. Akwai kuma abin da ban ga an ambata ba. Idan daga nesa za ka saya, aka turo maka hoton gwaji, ka duba lambar jikin kyamara da ke cikin bayanan hoton ka gwada ta da wadda ke manne a ƙasan kyamarar, ka kuma duba ranar da aka ɗauki hoton. An taɓa turo mini hoton wata kyamara dabam mai ƙaramin lissafi, da kaya ya iso sai lambobin suka ƙi haɗuwa.

GarinMalam_Pix:
Tambaya ga mai gyara: ana iya mayar da ainihin lissafin baya kamar yadda wasu ke yi wa kilomitan mota? Idan ana iyawa, to duk wannan wahala ta mene ce?

MaiGyara_SabonGari:
Ba a iya yin sa daga menu, amma yana iya canzawa a wurin gyara. Idan aka sauya babban allon lantarkin da ke cikin kyamara, lissafin da za ka gani na sabon allon ne, ba na labulen da ke ciki ba. Haka kuma idan aka sa sabon labule, wani lokaci lissafin yakan ci gaba daga inda yake, sai ka ga lamba babba alhali labulen sabo ne, a nan takardar gyara ce kaɗai za ta raba gardama. Misali sananne shi ne Nikon D600 ta 2012, wadda mutane suka yi ta kuka da ɗigon da ke taruwa a sensarta, har kamfanin ya fito da D610 a 2013, sannan a 2014 ya sanar da cewa zai sauya labulen D600 kyauta. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwa yanzu labulensu ba na asali ba ne. Shi ya sa nake haɗa lambar da shaidar jiki. Ka duba robar da hannu ke riƙewa ko ta kumbura ta saki, ka duba maɓallin ɗauka ko ya yi santsi yana ƙyalli, rubutun maɓallan baya ko ya goge, wurin ɗaura filasha ko fentinsa ya ci, kan ƙusoshi ko an taɓa kwance su. Kyamarar da ta ce 5,000 amma maɓallinta ya suɗe, ɗaya daga cikinsu ba ya faɗin gaskiya.

Bakano_a_Damagaram:
Ni a ganina wannan muhawara ta kusa zama tarihi. Sababbin kyamarori marasa madubi suna ɗauka da labulen lantarki ba tare da wani ƙarfe ya motsa ba, Nikon Z9 ta 2021 da Z8 ta 2023 ma ba su da labulen ƙarfe na ɗaukar hoto ko kaɗan. Ɗan_Birni ya ƙara haƙuri ya tara kuɗi ya sayi marar madubi.

Zinariya_Foto:
Malam Bakano, yaron da ya tara jika 280 da ƙyar kake nuna wa Z9? Kuma ko marasa madubin na hannu da ke shigowa, irin su Sony A7 III, suna da labulen ƙarfe, kuma da shi ake aiki duk lokacin da aka ɗaura filasha. Ni da nake shiga cikin gida wurin mata da daddare, ban isa in yi aiki ba filasha ba. Ƙari a kan haka, a yawancinsu hoton da aka ɗauka da labulen lantarki ba ya shiga lissafin, don haka nan ma lambar ba ta ba da labarin duka.

Baba_MaiStudiyo:
Mu koma kan yaron nan, domin gobe ne cinikinsa. Ɗana, kafin ka tafi ka yi wa kanka lissafi. Idan kana ɗaukar hoto 500 a kowane biki, kana samun biki shida a wata, bugu 36,000 ke nan a shekara. Wanda ke zuwa filin kokowa yana ɗora yatsa a kan maɓalli ya fi haka nesa ba kusa ba. Da wannan za ka auna abin da ya rage mata. Sannan ka tafi da gilashin maigidanka da katinka. Ka fita waje ka ɗauki sararin sama a gudun labule na 1/4000 na daƙiƙa, wanda shi ne iyakar 6D, sau goma a jere, ka duba ko akwai layi ko gefe ɗaya ya fi duhu, domin labule mai gajiya a babban gudu yake fara tona kansa. Ka ɗaura filasha a 1/180 ka ɗauki farin bango. Ka matse ramin shigar haske na gilashi zuwa f/16 ka sake ɗaukar sama don ganin ƙurar sensa, ko da yake a garin nan da hunturu babu kyamarar da ta tsira daga ƙura, kuma wannan ana gogewa. Idan ka ga saƙon Err 30 a allonta ko sau ɗaya ne, matsalar labule ce, ka yi sallama ka tafi.

Ɗan_Birni:
Assalamu alaikum. Mun haɗu kamar yadda aka shirya, Ɗalibi ya zo da kwamfutarsa, igiyar kuma a wurin MaiGyara muka aro, Allah ya saka musu da alheri. Lissafin ya fito 83,431. Mai kayan da kansa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kira ƙanensa a gabanmu, shi kuma ya ce a hannun wani mai hoton aure ya saye ta, bai taɓa tambaya ba. Duk gwajin da Baba ya faɗa na yi, sama ta fita tsaf babu layi, filasha ma lafiya, ɗigo uku kawai muka gani a baƙin hoton. Ya sauko zuwa jika 210, ya ce ba zai wuce nan ba. Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.

Kasko77:
Ka karɓa. A wannan kuɗi ba za ka samu mai babbar sensa irinta ba, kuma ta ci duk jarrabawar da aka yi mata.

Alhaji_Dillali:
Ni da zan saya don in sayar, ba zan wuce jika 180 ba, saboda duk wanda zan kai wa zai tambaye ni lambar nan, kuma kafin shekara ta zagayo ta haye 100,000.

MaiGyara_SabonGari:
Kafin Juma'a zan tambayi wanda nake yin oda a wurinsa nawa labulen 6D yake a yanzu har da kuɗin kawowa, in sa maka a nan, sai ka haɗa da jika 210 ka ga ko jimillar ta kai kuɗin wata mai ƙaramin lissafi. Ɗalibi, igiyar tana hannunka ko tana wurin Ɗan_Birni? Akwai wanda zai kawo mini 70D gobe da safe.